Inda Abba Yake Zama

Ke da kika turo min saƙo kina cewa in daina kuka a kan mota, ai ƙarfe ce, na gani, na kuma gode. Ki karanta wannan tukuna, in kin gama sai ki sake faɗa min.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, Auta kowa yake kirana har a ofishin da nake zanen gine-gine. Abbanmu ya rasu bara. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙure maleji a kan titi, a gadon asibiti ya cika, a hankali, kamar ana rage hasken fitila. Kafin ya daina magana ya damƙa min makullin Shuɗiya a tafin hannu, ya rufe min yatsuna a kai.

Shuɗiya motarsa ce ta gudu. Ƙofa biyu, kujera biyu, gajera ce har sai ka rusuna kafin ka shige ta, injinta kuma a bayanka yake, yana gurnani kamar an ɗaure dabba. A cikinta ya koya min tuƙi, Umma tana faɗa, shi yana dariya. Makulli yana hannuna, amma takardunta suna wajen Kawu, ƙanin Abba, wanda yake kula da abin da ya bari. Daga nan matsalata ta soma.

Kun san Likitan haƙorin da ya fito neman aurena. Kar wata ta ce na zage shi, mutumin kirki ne. Yana gaida Umma a durƙushe, yana kawo min burushi kala-kala a matsayin tsaraba, kuma ko a cikin gidanmu zai juya mota sai ya kunna sigina. Yayata, wadda take aure a wani gari, Buɗe-baki take kiransa. Sharaɗinsa ɗaya ne.

"Ni ba na hana mace tuƙi," ya ce min, "amma ba irin wannan motar ba. Kin san bakin mutum nawa na ɗinke saboda sitiyari?"

Ran nan Kawu ya zaunar da ni a falo, a kan kujerar da har yanzu ba mu cire mata rigar da Abba yake so ba. Umma tana gefe tana ninke wankin da ta riga ta ninke.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba," in ji shi. "In kina da wanda kike so, ki fito da shi ranar Asabar kafin azahar, in gan shi. In babu, ki karɓi Likita a wuce wurin. Motar nan kuma ta bar gidan nan, tunda shi ba ya so."

"Kawu, in wanda na kawo yana son motar fa?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Sai ya kwashe ku ke da ita. Ni na huta da ƙara."

Na kalli Umma. Ba ta ɗago ba.

To ina da wanda nake so. Sai dai shi bai taɓa cewa komai ba.

Kyaftin ake ce masa, don shi ne yake jan gaba in masu irin motocin nan sun fita da safiyar ƙarshen mako. Tasa ja ce. Ranar da na fara fito da Shuɗiya bayan rasuwar Abba, na tsaya a gidan man da suke haɗuwa, maza suka zagaye ni suna murmushin nan da kuka sani. Wani har da cewa, "Hajiya, direban ya je fitsari ne?" Shi kaɗai ne bai kalle ni da raini ba. Ya sunkuya a bayan motar, ya kasa kunne, ya ɗago ya ce, "Mai motar nan ya iya riƙo. Allah ya jiƙansa." Ko gaya masa ban yi ba cewa ya rasu. Daga ranar, in dai an fita, motarsa tana gabana ko tana bayana.

Ranar Juma'a da yamma ina ofis saƙonsa ya shigo.

"Gobe ki fito da Shuɗiya. Mu biyu kawai, ban da sauran. Akwai magana."

Ban gama numfashi ba sai ga na Yaya.

"Ke Auta! Mijina ya kira Kawu yanzu, ya ce yana tare da baƙo, wani mai jar mota mai ƙara. Tun la'asar suke ƙus-ƙus a ofishinsa."

"Yaya ki rantse."

"Ni sa'arki ce? Mutumin naki ya bi ta ƙofar manya. Wayyo Buɗe-baki, yau haƙori zai yi ciwo!"

Na kifa fuskata a kan zanen da nake yi, na yi dariya har da hawaye. Ku faɗa min gaskiya, wace ce a cikinku ba za ta yi tunanin abin da na yi ba?

Asabar gari ya waye da hadari, sama ta yi toka-toka, ba ruwa ba rana. Na sa wandona mai faɗi da riga ruwan ƙasa har gwiwa, na naɗa ƙaramin mayafi na cusa bakinsa don kar iska ta ja, na sa takalmin nan mai siririn ƙasa, don Abba ya ce wanda ba ya jin totur a tafin ƙafarsa ba tuƙi yake ba, zama yake. Sai kuma na yi abin da ban taɓa yi don fita da mota ba: na ja kwalli, na goga jan baki, na fesa turaren da Yaya ta ba ni na ce ya yi min ƙarfi.

Umma tana kicin, butar shayi tana tafasa ba ta sauke ba. Ta kalli bakina, ta kalli makullin.

"Ina kwana, Umma."

"Lafiya. Yau motar ce take son jan baki?"

"Kai, Umma."

"Kawunki zai zo kafin azahar."

"Zan dawo kafin nan."

Ta juya min baya. "Haka ubanki yake cewa."

Bari in gaya muku wani abu game da Shuɗiya, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane kukana ba. A jikin ƙofar direba akwai maɓallai uku: lamba ɗaya, lamba biyu, da na ajiya. Motar tana riƙe zaman mutum biyu. In ka saita kujera da sitiyari da madubai yadda suka yi maka, ka danna na ajiya, ka danna lamba, to ta haddace. Duk ranar da ka sake danna lambar, komai zai koma inda ka bar shi. Lamba biyu tawa ce. Lamba ɗaya ta Abba ce, shi ya saita ta da hannunsa, kuma tun da ya kwanta ba wanda ya canza ta.

Kayansa an rabar. Ƙamshinsa ya fita daga ɗaki. Muryarsa da ke wayata ta tafi da wayar ranar da ta faɗa ruwa. Amma duk safiyar da na shiga gareji na danna ɗaya, kujerar tana ja da baya a hankali, ta sauka ƙasa, ta ɗan kwanta, sitiyari ya miƙo, madubai su buɗe. Sai in zauna a cikin tsayin Abba da faɗin kafaɗarsa, ƙafata ba ta ko kai birki. In ce, "Ina kwana, Abba." Sannan in danna biyu in koma girmana.

Ranar ma haka na yi. Na ƙara da cewa, "Yau za ka ji labari."

Na tayar da ita, na jira mai ya yi ɗumi, don a gidanmu matsa wa inji mai sanyi laifi ne babba. Ta madubi na ga labulen ɗakin Umma ya motsa.

Kyaftin yana gidan mai, ya jingina da jar motarsa, riga fara mai gajeren hannu, agogo baƙi, kofin shayi na takarda a hannu. Bai gaishe ni ba sai da ya zagaya Shuɗiya, ya durƙusa ya shafa tayar baya da yatsa.

"Yaushe aka sa waɗannan?"

"Ina kwana dai tukuna, Kyaftin."

Ya yi dariya. "Afuwan, ranki ya daɗe. Kin tashi lafiya? Yau kin yi wani iri."

"Wane iri?"

"Kamar mai zuwa biki."

Na ce a raina, ka sani ai.

Muka ɗauki hanya. Gari bai gama tashi ba, shaguna a rufe, masu shara kaɗai da karnuka. Shi a gaba, ni a baya, muna lallaɓawa kamar mutanen kirki har muka haye gada, gidaje suka ƙare, titi ya miƙe fayau ba kowa. Sai ya ƙyafta min fitilar baya sau biyu. Alamarmu ke nan.

Na sauke giya na taka.

'Yan uwa, wanda bai taɓa ji ba, ba zan iya ba shi labari ba. Kujera ta cafke bayana, gurnanin ya koma kuka, kukan ya koma ihu, itatuwan gefen hanya suka narke suka zama layi ɗaya. Kawu ya fita daga kaina, Likita ya fita, azahar ta fita. Jar motar tana gabana tana lanƙwasa a kwana kamar ana zana ta, ni ina bin sawunta taya a kan taya. Da muka fara hawan tudu, inda kwanoni suke bin juna ba hutu, ya matsa gefe ya miƙo hannu ta taga: wuce. Na wuce shi ina jin muryar Abba: birki kafin kwana, ba a cikinta ba, kalli inda za ki, ba inda kike tsoro ba.

Na lura ya manne a bayana, kusa sosai, ya sauke gilashinsa duk da sanyin. Na ce kallona yake. Har gyara mayafi na yi a wannan gudun, Allah ya yafe min.

A saman tudun akwai fili da ake tsayawa, da shingen ƙarfe, ana hango garin can ƙasa cikin hazo. Muka kashe injina. Shuɗiya tana ƙas-ƙas tana hucewa. Ya fito yana murza hannuwa.

"Kin ji yadda take shan giya ta uku? Ba hayaƙi ko kaɗan, tun daga gindin tudu nake duba salansarta. Auta, wallahi na daɗe ina son in roƙe ki wani abu, kunya ta hana ni."

Na riƙe shingen. Sanyinsa ya shiga hannuna.

"Ina ji."

"Ki ba ni ita in ja. Sau ɗaya."

A cikin masu motocin nan musayar makulli ba komai ba ce, kullum suna yi. Amma kowa ya san ba a tambayata. Bakanike ma a gabana yake aiki, ni nake shigar masa da ita in fitar. Na taɓa gaya wa Yaya cewa namijin da zai zauna a kujerar nan bayan Abba, to shi ne mijina. Shi Kyaftin bai san na faɗi haka ba. Ni ce na manta bai sani ba.

Na miƙa masa makullin da hannu biyu. Da a ce ya kalli fuskata a lokacin, da ya gane abin da nake ba shi. Makullin ya kalla.

Na zagaya na zauna a kujerar da nake zama ina yarinya. Ya shiga, gwiwarsa ta daki sitiyari saboda zamana ne a kai. Ya danna ɗaya. Kujerar ta ja baya, ta sauka.

"Kai! Marigayi dogo ne."

Ya ɗan matso da ita gaba, ya ɗaga ta, ya taɓa madubai. Ban damu ba, wannan ba ya goge komai, da an danna ɗaya za ta koma.

Ya iya tuƙi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sauka tudun kamar ya shekara da ita. Na jira maganar. Muka wuce kwana ta farko, ta biyu, shiru. Sai na ce bari in buɗe masa hanya.

"An ce jiya ka je wajen Kawu."

"Na je. Mutum ne mai sauƙin kai. Tsaya, tsaya." Ya ɗaga yatsa. "Kin ji wannan? In an saki totur akwai wani ɗan sauti."

"Tun da can haka take."

"An taɓa buɗe injin?"

"Ba a taɓa ba. Me kuka tattauna da Kawun?"

"Riƙe da kyau."

Ya taka birki da ƙarfi a miƙaƙƙen titi, bel ya shaƙe ni, jakata ta faɗi, jan bakin ya gangara ƙarƙashin ƙafata. Ya saki sitiyari ya ga ko za ta karkace. Ba ta karkace ba. Ya daki cinyarsa don murna.

"Lafiya lau! Ko gezau!"

Na fara zargin wani abu, amma na ƙi yarda da shi.

Ya juya muka koma saman tudun, ya tsaya kusa da jar motarsa. Bai kashe injin ba. Ya shafa sitiyari, ya jingina, ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya iso gida. Sai na ga hannunsa ya tafi jikin ƙofa. Yatsa a kan na ajiya. Yatsa a kan ɗaya.

Ɗit.

Ƙaramar ƙara ce, ko tsuntsu ba za ta kora ba.

"Me ka yi?"

"Na'am?"

"Me ka danna?"

"Zamana na ajiye. Na bar miki biyu ai, duk ranar da kika yi kewarta ki zo ki ja abarki, ba sai kin tambaya ba."

"In zo ina?"

Ya juyo. Murmushin ya fara sauka daga fuskarsa. "Kawunki bai gaya miki ba? Mun daidaita jiya. Ya ce aure za ki yi, kin gaji da ita, sayarwa za a yi. Na ce wallahi ba za ta faɗa hannun wanda zai kashe ta ba. Na ce masa sai na ja ta tukuna, kuma sai na ji daga bakinki. Maganar ke nan. Yau zan biyo ki gida a gama."

Ban san lokacin da na fita ba. Na zagaya, na buɗe ƙofarsa. "Sauka."

"Auta..."

"Ka sauka, don Allah."

Ya sauka. Na faɗa kujerar, na danna biyu, ta kawo ni gaba. Na danna ɗaya. Ta ja baya kaɗan, ta tsaya. Na sake dannawa. Ba ta motsa ba. Na miƙa ƙafa, yatsuna suka taɓa birki. A zaman Abba ba sa taɓawa.

"Na Abbana ne," na ce. Muryar ba tawa ba ce. "Shi ya saita. Shi kaɗai ya rage."

Ya dafe kai. "Innalillahi. Wallahi ban sani ba. Sabo ne, duk motar da na karɓa haka nake yi, hannuna ne ya tafi. Bari a mayar, abu ne mai sauƙi."

"A mayar ina? Ka san inda yake?"



Tunda na riga na zube, na ce bari in ƙarasa zubewa. "Kyaftin, tambaya ɗaya. Duk safiyoyin nan da kake manne a bayana, ni kake bi ko ita?"

Bai yi min ƙarya ba, wannan kam na ba shi. Idonsa ya sauka a kan jan bakina, ya gane, na ga lokacin da ya gane. Sannan idon ya zame ya koma kan bonet.

"Ke ai ƙanwata ce, Auta. Ina ganin girmanki ƙwarai."

Na ja ƙofar na rufe.

Ban taɓa tuƙa Shuɗiya a hankali irin na ranar ba. Motar ɗaukar yashi ta wuce ni, direban yana leƙowa. Yayyafi ya fara, na bar shi ya taru a gilashi. Waya tana ta haske a kujerar gefe.

Yaya: "Ya faɗa???"

Yaya: "Ke ki yi magana mana, na kasa karyawa."

Yaya: "In fara neman ɗinki?"

Likita: "Barka da safiya. Ina fatan kin tashi lafiya. A kula da hanya, an ce za a yi ruwa."

Nasa ne ya sa ni kuka. Na goge jan bakin da bakin mayafi.

Na shiga gareji na kashe inji. Na zauna ina danna ɗaya, ina danna biyu, ina danna ɗaya, kamar in na nace motar za ta tuna. Na gwada ja da hannu. Nan ne? Ko can? Na sha zama a wurin nan ba adadi, amma ban taɓa aunawa ba, don ban taɓa zaton zan buƙata ba.

Ƙofar da ta haɗa gareji da kicin ta buɗe. Umma. Tun ranar da aka fita da Abba ba ta taka garejin nan ba a gabana. Ta tsaya da mayafinta baƙi, ta kalli fuskata, ta kalli kujerar.

"Wa ya taɓa masa wuri?"

Na ɗago da sauri. "Umma, ya aka yi kika..."

"Ba nan yake zama ba. Ya yi gaba."

Na gaya mata duka, ina shessheƙa, har jan bakin ban ɓoye ba. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta zagaya, ta tattare zaninta, ta rusuna ta shiga kujerar gefe ba tare da ta buge kai ba, kamar wadda ta saba.

"In kin tafi ofis nakan shigo," ta ce, tana kallon gaba. "In danna masa. In zauna a nan."

Ta nuna kujerar da nake kai.

"Ja baya." Na ja. Ta rufe ido, ta miƙa hannu gefe, ta bar shi a iska. "In yana tuƙi nan hannuna yake sauka a kafaɗarsa, ba na miƙewa. Ƙara. Ƙara kaɗan. Kin wuce, dawo." Tafinta ya sauka a kan fatar kujerar, daidai inda ta ɗan koɗe. "Sauke ta ƙasa, kansa yana taɓa rufi. Kwantar da bayan, ubanki bai taɓa zama kamar mutumin kirki ba."

Na yi dariya cikin kuka.

"Madubin wajena kuma karkato shi ciki. Ƙara. Ai ba titi yake kallo da shi ba, ni yake kallo, yana zaton ban sani ba."

Na miƙa ƙafa. Ban taɓa birki ba.

"Ya yi, Umma?"

Ta buɗe ido. "Ya yi kusa. Ba zan ce miki shi ne ba."

Na danna na ajiya, na danna ɗaya. Ɗit. Na san har in mutu ba zan tabbatar ba.

"Umma, kin san Kawu zai sayar?"

"Na sani. Ni na ce to." Ta goge ido da bayan hannu. "Duk ranar da kika tayar da ita, ina tsaye a bayan labule har ki dawo. Na yi wa ubanki wannan tsayuwar tsawon zamanmu, na ce ƙafata ba za ta iya ta biyu ba. Ban yi tunanin ranar da zan shigo in tarar da garejin nan wayam ba. Yau da kika fita na leƙo, na ga wurin, sai da na dafa bango."

Hon ya tashi a bakin ƙofar gida, dogo, irin na Kawu. A bayansa kuma wani gurnani da zan gane ko a cikin barci. Jar motar ta biyo shi.

Na juya wajenta. "Umma, ba ni da wanda zan nuna masa. Me zan ce a kan Likita?"

"Wannan bakinki ne, ke za ki buɗe shi. In e ne, ki faɗa don kina so. In a'a ne, ki faɗa da ƙarfi ya ji." Ta miƙa hannu ta zare makullin daga jikin motar. "Wannan kuwa tawa ce."

Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Hon ya sake tashi.

"Je ki wanke fuskarki, kwalli ya ɓata ki. Kar su ga kin yi kuka."

"Ke fa?"

"Ni zan buɗe musu."

Umma, wadda tun rasuwar Abba ban ji ta ce wa Kawu a'a ba ko a kan kalar labule, ta fita cikin yayyafin ba takalmi. Ina zaune a inda Abba yake zama, ko kusa da nan, ina kallonta ta madubin da ta sa na karkato, makullin yana lilo a kafaɗarta har ta kai hannu kan sakata.